Tsakuwa Ɗaya a Kwalbar Mai Aski

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar Mai Aski na ƙarshen layinmu ya san kwalbar nan. Tana kan katakon da ke ƙasan madubi, tsakanin gwangwanin hoda da kofin da yake jiƙa buroshi, tsohuwar kwalbar zuma ce mai jan murfi. A cikinta akwai tsakuwa ƙwaya ɗaya, ruwan ƙasa-ƙasa, girman ƙwan kurciya. Idan ka tambaye shi zai ce ƙwan kaza. Idan kuma ya ga baƙo ne kai, sai ta koma ƙwan agwagwa. Daga cikinsa aka ciro ta, shekara goma sha tara da suka wuce, ranar da likitoci suka yanke masa matsarmama suka yar.

Aski a wurinsa minti arba'in ne, goma na gashi, talatin na tsakuwa. Dabararsa ita ce ya bari sai ya kwashe maka rabin kai, ya tabbatar ba ka da fuskar fita titi, sannan ya kashe kilifa, ya ɗage riga ya nuna maka tabon da ya taso daga ƙasan haƙarƙari ya gangaro kusa da cibiya.

"Ɗinki goma sha huɗu," zai ce, yana bin tabon da bakin mataji. "Awa huɗu suna kaina. Likitan da kansa sai da ya zauna ya sha ruwa."

Tela, wanda shagonsa ke manne da nasa, kuma ɗinki ne abincinsa, ya taɓa sunkuyawa ya ƙirga ya ce tara ne. Wata biyu ya yi yana zuwa aski wata unguwa kafin a yafe masa.

Saboda wannan tsakuwa Mai Aski ya zama likitan layi. Mai ciwon kai, mai gyambo, matar da ɗanta ya haɗiyi maɓalli, duk ta shagonsa suke fara biyowa, duk kuma amsa ɗaya suke samu: abinsu ƙarami ne, su gode Allah ba su ga abin da ya gani ba. Bencinsa ba ya rabo da mutane. Tela yana nan da allura a bakinsa, tsohon Direba yana nan da rediyonsa da ba ta kama tasha, sai masu zuwa su tafi.

Shi ne babba a cikin su bakwai. Yana ɗan shekara sha huɗu mahaifinsu ya rasu, ya ajiye littafi ya ɗauki almakashi, da shi ya ciyar da sauran. Na ƙarshensu kuwa, wanda har ya yi furfura ba a daina ce masa Auta ba, yana ciki aka yi rasuwar, don haka Inna, mahaifiyarsu, ta ɗauke shi ta ɗora a ka. Sai da ya shekara huɗu tana goya shi, ƙafafunsa na jan ƙasa. Idan ƙwai ɗaya ne a gidan, na Auta ne. Idan Auta ya yi tari sau ɗaya, Inna ta fasa zuwa kasuwa. Shi kuwa Mai Aski ya taɓa yanke yatsa da reza har ƙashi ya bayyana, ta duba ta ce, "Kai ai babba ne, ɗaure da tsumma."

Ba wai ba ya son Auta ba ne. Shi ya kai shi koyon gyaran fanka, shi ya samo masa shagon da ke kallon nasa a tsallaken titi, shi ya tsaya masa a aure. Amma so ne irin wanda ake yi ana hararar mutum ta gefen ido. Auta ya sayi sabon takalmi, Mai Aski zai ce ƙafar ce ba ta dace ba. Auta ya haifi namiji, zai ce kan yaron ya cika tsawo, zai yi wuyar aski.

Akwai abu ɗaya a labarin tsakuwar da ba ya faɗa wa kowa, amma duk wanda ya daɗe a layin ya sani. Lokacin da aka yi masa tiyatar nan, Inna ta baro gidan Auta ta zo ta zauna a gefen gadonsa kwana tara cur. Tana yi masa fifita da yankin kwali, tana goge masa baki da gefen mayafinta, tana kiransa da wani sunan yarinta da ta daina kiransa da shi tun kafin ya yi wayo. Da aka sallame shi ta biyo shi gida don ta ga yadda zai warware, daga nan ba ta koma ba. Shekara goma sha tara tabarmarta da butarta suna ɗakin da ke kusa da nasa. Tsakuwar ce ta kawo masa uwarsa, shi ya sa kullum da safe kafin ya goge madubi sai ya goge kwalbar.

Ana nan sai Auta ya kwanta.

Abin ya fara da ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama. Sai zazzaɓi mai rawar sanyi, har haƙoransa na haɗuwa da rana tsaka. Kwana biyu, idanunsa suka koma rawaya. Matarsa ta tsallako shagon aski da gudu, Mai Aski ya je ya danna cikin da yatsa biyu, ya taɓe baki.

"Kumburin ciki ne. Ya cika cin maiƙo. Ki ba shi ruwan ɗumi."

Allah ya sa matar Auta ba ta da kunnen jin likitan layi. Ta sa tsohon Direba ya kai su babban asibiti a ranar. Can aka yi masa hoton ciki, aka ɗebi jini, aka ce tsakuwa ce, amma ba a matsarmama ba. Cikin hanta suke, a 'yan ƙananan hanyoyin da ruwan ɗaci ke bi ya gangara hanji. Sun toshe hanyar, ruwan ya taru, hanyar ta kumbura ta yi mugunya. Likitar, wata 'yar siririyar mace da ba ta ɗaga murya, ta faɗa a gaban kowa, har da Mai Aski da ya biyo su daga baya, cewa da an ƙara kwana biyu a gida da mugunyar ta shiga jini, kuma daga nan sai abin da Allah ya yi.

Aka ɗaura masa ƙarin ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Aka huda gefen cikinsa da wata siririyar roba har cikin hantar, ruwan da ya taru yana tsiyaya cikin wata leda da aka rataye a jikin gado. Bayan zazzaɓin ya sauka, ramin robar ya yi ƙwari, ta nan ɗin suka riƙa zura wani abu mai fitila a baki, suna farfasa tsakuwoyin suna zaƙulowa, yau kaɗan, wani satin kaɗan. Sau uku aka shiga da shi. Da aka gama aka miƙo masa 'yar kwalba. Guda goma sha ɗaya.

Mai Aski ya tsaya a ƙarshen gadon, hannu a baya, kamar wanda ya zo duba aikin ɗalibi.

"Ina yankan?"

"Babu yanka, Yaya. Huji ne kawai."

"Ɗinki nawa?"

"Ɗaya. Shi ma don robar kada ta zame."

"Ɗaya." Ya juya ya kalli Tela, wanda ya rako shi. "Ka ji fa. Ɗinki ɗaya aka tara mana jama'a."

Ya karɓi 'yar kwalbar ya ɗaga ta saitin taga, ya girgiza. Baƙaƙe ne, ƙanana, babbar cikinsu ba ta wuce ƙwayar wake ba.

"Wannan ai yashi ne."

"Yashin nan ya kusa kai ni, Yaya."

"Duka sha ɗayan a haɗa, ba su kai rabin tawa ba."

"Amma dai sha ɗaya ne," in ji Tela, a hankali, yana kallon silin.

Wannan kalma ta Tela ita ta shiga Mai Aski ta zauna.

Da aka sallamo Auta, da robar a jikinsa aka sallame shi, ledar tana cikin wata 'yar jaka da matarsa ta ɗinka masa, yana rataye ta ƙarƙashin riga. Layi ya ɗauka. Ba a taɓa ganin mutum yana yawo da ruwan hantarsa a jaka ba. Tsohon Direba ne ya fara tsallakawa da rediyonsa, wai zai gaishe shi ya dawo. Washegari Tela ya bi. A kwana na uku wasu suka zo aron bencin shagon aski, saboda masu dubiya sun yi yawa a ƙofar Auta. Mai Aski ya ba su, me zai ce? Ya tsaya a bakin shago da tawul a kafaɗa yana kallon bencinsa na tsallaka titi a kan mutum biyu.

Duk wannan da sauƙi. Da yammacin ranar ya shiga gida ya tarar Inna ta naɗe tabarma, ta ɗaure magungunanta a ɗankwali, buta a hannu.

"Inna, ina zuwa?"

"Wurin ɗan'uwanka. Yarinyar nan matarsa ba ta iya juye ledar ba."

"Ke da ba kya gani sosai, ke za ki iya?"

"Zan zauna dai. Kwana biyu ne."

Shi ya riƙe mata hannu ya tsallakar da ita, don kada a ce. Da ya dawo ya ɗauki guntun sabulu ya ja layi ɗaya a gefen madubin shago. Kullum da safe sai ya ƙara ɗaya. Duk wanda ya tambaya sai ya ce lissafin reza yake yi.

Daga nan bakinsa ya buɗe. Duk kan da ya shigo hannunsa sai ya ji cewa ciwon Auta ciwon shagwaɓa ne, cewa likitocin yanzu tsoron wuƙa suke yi, cewa aikin da ba a buɗe ciki ba ai ba aiki ba ne, gyaran fanka ne. Har ya tsallaka ranar nan, ya tsaya a gaban bencin nasa da ke ƙofar Auta, ya bugi ƙirji.

"Ni nan da kuke gani na gama da tsakuwa har abada. An cire matsarmamar gaba ɗaya. A ina za ta zauna? Irin wannan ciwo na masu rabin aiki ne."

Kowa ya ji. Inna ma tana daga zaure tana ji.

Layukan sabulu sun kai ashirin da shida ranar da ya fara jin ƙaiƙayi. Tafin hannu, tafin ƙafa, gadon baya inda hannu ba ya kaiwa. Ya ce sabon sabulun wanka ne. Sai fitsarinsa ya koma kalar shayin da ba a sa wa madara ba. Sai wani ciwo da ya sani farin sani ya dawo ƙasan haƙarƙarinsa na dama, daidai ƙarƙashin tabon da yake taƙama da shi. Yana cikin gyara wa wani gemu da hantsi sanyi ya kama shi, sai da ya ajiye reza ya shiga bayan labule ya rungume kansa har abin ya lafa.

Mai aski yana yini a gaban madubi amma kan wasu yake kallo. Ranar da ya ɗaga ido ya dubi nasa, farin idon ya zama ruwan ƙwai. Ya daɗe a tsaye. Ya san abin, ba sai an gaya masa ba, don kusan wata biyu ke nan da ya gan shi a fuskar Auta. Ya kuma san abin da likitar nan ta ce game da kwana biyu, da kunnensa ya ji.

Amma ya hango bencin. Ya hango Tela yana cire allura daga baki yana cewa, "Af, Mai Aski ma ya je ya yo nasa?" Ya hango layi gaba ɗaya ana cewa baƙin cikin Auta ne ya sa shi kwaikwayon ciwo don Inna ta dawo. Shi da ya bugi ƙirji a bainar jama'a. Sai ya rufe shago, ya taka bakin kasuwa ya sayo baƙin tabarau irin na masu walda, ya biya kemis ya karɓi maganin zazzaɓi.

Matarsa ba ta ruɗu ba. Ta ga yana sosa baya da jikin ƙofa, ta ga abincin da yake turewa.

"Malam, cire gilashin nan in ga idonka."

"Hasken shago ne ya dame ni."

"Shagon da ƙwan fitilarsa ɗaya? Wallahi zan kira Auta."

"Ki kira shi ki ga. Ranar za ki san wanda kike aure."

Ta ƙyale shi, don shekara talatin ta koya mata cewa idan aka tura shi gabas, yamma yake yi, ko da rami ne a yamman. Ta dai fita bayan ya tafi shago, ba ta faɗi inda za ta ba.

Kwana uku yana haka. A na huɗu, da misalin ƙarfe goma na safe, sai ga Auta ya tsallako a hankali, hannu ɗaya dafe da jakar da ke ƙarƙashin riga. Ya rame, gashi ya cika masa kai. Tun da ya kwanta bai shigo shagon ba.

"Yaya, a ɗan rage min. Yau zan koma ganin likita, kada in je kamar mahaukaci."

"Masu sha ɗaya ma suna aski? Na zaci a asibiti ake muku ta roba."

"Sun ce wannan sai da gwani."

Ya zauna, Mai Aski ya yafa masa ƙyalle, ya kunna kilifa. Hannun da ya dafa wuyan Auta zafi ne da shi kamar dutsen guga. Ya kwashe gefen dama, ya tsaya ya sosa damtse da mataji, ya ci gaba. Zufa ta sa tabarau ya zamo kan karan hanci lokacin da ya sunkuya gyaran bayan kunne. Ya yi sauri ya tura shi sama, amma Auta yana kallon madubi. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya mai da idonsa kan kwalbar zuma.

"Yaya, na ba likitata labarin tsakuwarka."

Kilifa ta tsaya.

"Me ta ce?"

"A'a, bar shi kawai."

"Me ta ce, na ce."

"Dariya ta yi. Ta ce shekararta goma sha biyar tana wannan aiki ba ta taɓa ganin mai girman ƙwan kaza ba. Ta ce masu aski dama an san su da ƙari. Wai ƙila ma a bakin rafi ka tsinto."

"A bakin rafi."

"Haka ta ce. Na ce mata yayana ba ya ƙarya, ta ce to ya kawo ta gani. Na ce ba zai zo ba, ba ya son asibitin yanzu. Ta ce dama ta sani."

Mai Aski ya kashe kilifa ya ajiye. Ya ɗauki kwalbar, ya naɗe ta a tawul mai tsabta, ya zare ƙyallen daga wuyan Auta.

"Tashi mu je."

"Yaya, rabin kai fa ka yi min."

"Sa hula."

"Ban zo da hula ba."

"To ka riƙa juya musu gefen da aka yi."

Tsohon Direba ya kai su. Abin mamaki motarsa tana tsaye a ƙofar shago tun kafin a neme shi, har da matar Mai Aski a gidan gaba da ƙullin kaya a cinya, wai asibitin za ta dubo wata. Mai Aski bai lura ba. Hankalinsa na kan abin da zai faɗa wa yarinyar nan da aka haifa bayan ya fara aski.

A barandar asibiti suka zauna a dogon benci, mutane na ta satar kallon kan Auta, gefe ɗaya fes, gefe ɗaya daji. Sanyin ya sake kama Mai Aski a nan, ya matse kwalbar a ƙirji don kada a gane. Da aka kira lambar Auta, shi ya riga shi shiga. Ya warware tawul, ya dangwarar da kwalbar a kan teburin likita, a kan takardunta.

"Ga ta. A bakin wane rafi ake tsintar irin wannan?"

Likitar ta dubi kwalbar, ta dubi Auta, wanda ya sunkuyar da rabin kansa yana nuna yayan nasa da haɓa. Sai ta miƙe ta zagayo teburin.

"Baba, cire tabarau."

"Ba ni ne marar lafiyar ba. Tsakuwa na kawo miki."

"Na gan ta, babba ce kuwa. Cire tabarau."

Wataƙila don ta ce babba ce, ya cire. Ta ja fatar idonsa ƙasa da yatsa, ta sa masa ma'aunin zafi, ta danna ƙasan haƙarƙarinsa. Duk taurin kansa sai da ya yi ƙara.

"Kwana nawa?"

Ya kau da kai ya dubi kwalbarsa.

"Huɗu da rawayar idon," in ji matarsa daga bakin ƙofa. "Ƙaiƙayin ya fi sati."

"'Yata, ba ki gane ba," in ji shi. "Ni ba ni da matsarmama. An cire tun kina makaranta."

"Tanki aka cire, Baba. Bututun yana nan, daga hanta har hanji. Tsakuwa tana iya sake fitowa a cikinsa ko bayan shekara ashirin. Alamu sun nuna naka ya toshe, ya kuma kumbura. Irin na ƙanenka ne."

Irin na ƙanenka. Ya juya ya kalli Auta.

"Kai ta ce maka a rafi na tsinto?"

"Ba ta ce ba, Yaya. Ba ta ma san kana da ita ba."

"Munafuki. Tun kana goye kake munafuki."

Ya ɗauki kwalbarsa ya yunƙura zai fita. Sanyin ya sake taso masa. Ya koma kan kujera, haƙoransa na kaɗawa. Likitar ba ta riƙe shi ba, ta dai tsuguna daidai fuskarsa ta ce ba za ta ɗaure shi ba, amma idan ya koma gida yau ba ta yi masa alkawarin jibi ba. Auta ya ɗaga kai ya dubi fankar sama, don ya ji tana gurnani.

Mai Aski ya daɗe yana juya jan murfin kwalbar, ya buɗe, ya rufe. Can ya ɗago.

"Guda nawa ne a ciki?"

"Sai mun yi hoto."

"Za su kai sha biyu?"

"Kwanta mu gani," in ji ta.

Ya kwanta.

Ranar aka ɗaura masa ruwa da magani. Da gari ya waye aka shiga da shi, aka sa shi barci, aka zura masa wata doguwar roba mai fitila ta baki, ta bi ta ciki har bakin bututun da ya toshe. Suka ɗan faɗaɗa bakin, suka jawo abin da ya tokare, mugunya ta samu hanya ta fita, suka bar wata 'yar guntuwar roba a ciki don kada ya sake rufewa kafin ya warke. Da ya farka, abin da ya fara yi shi ne laluben cikinsa. Tsohon tabo kawai ya ji. Ya lalubi gefe, ko huji babu.

"Ba a yi ba ne?" ya tambayi nas ɗin da ke gyara masa ruwa.

"An yi, Baba, an gama lafiya."

"Ina tsakuwoyin?"

"Biyu ne. An tura su hanji, za su fita da kansu."

"Biyu. Kuma ba a ba ni ba."

"Sai dai in za ka tsare su a can," in ji ta, ta wuce.

Ya juya fuska bango. Zazzaɓi ya sauka a ranar, ƙaiƙayi ya fara raguwa, amma duk wanda ya zo dubiya bayansa ya gani. Da Tela ya ce, "Sannu, likita," bai ko motsa ba.

Washegari da hantsi yana kwance a haka sai ya ji iska a bayan wuyansa, tana zuwa tana ɗaukewa. Ya san iskar nan. Ya juyo a hankali. Inna ce a kan kujerar roba, da yankin kwalin maganin da ta tsinta a ƙasa, tana yi masa fifita. Auta na tsaye a bayanta, har yanzu da rabin kai, don ya ce ba wanda zai ƙarasa sai wanda ya fara.

"Ashe kin san hanya," in ji Mai Aski.

"Rufe min baki. Ƙato da kai, da jikoki, ka zauna kana ruɓewa a bayan gilashi."

"Kina can wurin mai sha ɗaya, wa zan gaya wa?"

"Tun kana yaro haka kake. Ba ka taɓa cewa ga inda ke maka ciwo ba, sai dai ka je ka mintsini Auta ya yi kukan a madadinka. Idan na ji ihunsa, kai nake fara dubawa."

"Ban taɓa ganin kin duba ba."

"Ina za ka gani, kana can kana hararar ƙwai?"

Auta ya yi dariya har sai da ya dafe jakarsa. Mai Aski bai yi ba. Ya gyara kwanciya yadda iskar za ta fi samunsa.

"Kwana talatin da biyar kika yi a can. Na rubuta."

"To?"

"Talatin da shida za ki yi min kafin ki sake tsallaka titi."

Ta kira shi da sunan nan na yarinta, ta ce ya yi barci. Ya rufe ido, amma ɗaya bai rufu duka ba, yana duba ko Auta ya ji.

Ranar sallama likitar ta ce ya dawo bayan sati shida a cire 'yar robar, ya rage maiƙo, kuma idan ya sake ganin ko ɗigon rawaya a idonsa ya zo da ƙafarsa, ba sai an yi masa ƙarya ba. Sannan ta ɗauki kwalbar zumar da ke kan akwatin gefen gado, ta juya ta a hannu, ta tambaya ko zai bar mata ita ta riƙa nuna wa ɗalibanta, don ba kasafai ake samun mai kyau haka ba. Ya yi kamar yana tunani. Ya tambaya ko ta nemi na Auta. Ta ce a'a, irin waɗannan suna da su da yawa.

"Ka ji," ya ce wa Auta. "Suna da su da yawa."

Benci ya dawo, tabarmar Inna ta dawo. A katakon ƙasan madubi, tsakanin hoda da kofin buroshi, akwai da'irar da gindin kwalbar ya bari, ya hana kowa ajiye komai a wurin. Aski yanzu minti hamsin ne. Idan ya kwashe maka rabin kai sai ya kashe kilifa, ya nuna da'irar da bakin mataji, ya ce tasa tana babban asibiti tana koyar da likitoci, ta wani kuwa tana cikin durowa tare da kusoshin fanka. Tunda babu kwalbar da za a gwada, tsakuwar ta kai ƙwan jimina.

Auta ya yi masa tayin biyu daga cikin sha ɗayansa, ya ajiye a wurin kafin a samu wasu. Ya ce ba ya karɓar sadaka. Sai da Auta ya yi kwana tara yana yawo da rabin kai kafin a ƙarasa masa, shi ma a ranar an ɗan yanke shi a bayan kunne.